Kabeji a lambun gida: aikin da ƙasa take bukata kafin a yi dashe

Kabeji ya daɗe da zama ɗan gida a kasuwanninmu, har mutane sun manta cewa baƙo ne. Ana yanka shi a gefen tsire da balangu, ana kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, ana zuba shi a kan shinkafa da wake. Wannan sabon ne yake sa magidanta da matan aure da yawa, idan suka samu ɗan fili a tsakar gida ko a kangon da ke kusa da su, su sayo ƙullin iri su yafa, suna tsammanin zai yi musu abin da alayyafo da rama da yakuwa suke yi, wato a watsa, a ba da ruwa, a jira. Abin da yakan biyo baya shi ne tsiro mai faffaɗan ganye da ya ƙi naɗewa, ko ƙaramin kai sako-sako marar nauyi, ko ganyen da tsutsa ta huhhuda. Daga nan sai a ɗora laifin a kan mai sayar da iri. Wani lokaci irin ne ba shi da kyau, amma galibi matsalar ta samo tushe tun kafin dashe, daga ƙasar da aka tanada da kuma watan da aka zaɓa.

Kakan kabeji na daji yana fitowa ne a kan duwatsun farar ƙasa da ke gaɓar teku a yammacin Turai da yankin Bahar Rum, inda iska take da sanyi kuma ƙasa take cike da sinadarin kalsiyam. Daga wannan tsiro guda, wanda masana suke kira Brassica oleracea, manoma suka yi ta zaɓen iri har aka samu kabeji mai kai, da farin kabeji, da burokoli, da mai buɗaɗɗen ganye irin sukuma wiki da ake ci a Kenya. Tunda jininsu ɗaya ne, bukatunsu da cututtukansu da kwarinsu ma ɗaya ne. Duka sun fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 da 20 a ma'aunin Salsiyus, kuma da zarar ya zarce 25 ya daɗe a haka, naɗin kai yakan fara lalacewa. Shi ya sa tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, yake iya noma kabeji a mafi yawan watannin shekara, alhali mai lambu a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ba shi da wata kafa mai kyau sai ta hunturu.

Lissafin lokacin kuwa ba shi da wuya. Tsiro yana yin mako 4 zuwa 6 a wurin reno, sannan yawancin irin da ake sayarwa yana bukatar kwana 60 zuwa 90 bayan dashe kafin a sare shi. Wanda ya zuba iri a watan Oktoba zai yi dashe a Nuwamba, kai ya naɗe a cikin sanyin Disamba da Janairu. Wanda kuwa ya bari sai da sanyi ya kankama a Janairu sannan sha'awa ta motsa masa, to, naɗin kabejinsa zai faɗa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana yake kusantar digiri 40, kuma babu takin da zai cece shi. Akwai irin da aka ƙirƙira don jure zafi, kamar KK Cross da Oxylus, kuma sun fi tsohon iri irin Copenhagen Market dauriya, sai dai dauriyar tasu tana da iyaka.

Maganar ƙasa ita ce ta fi tsawo, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙasar jigawa da ta mamaye mafi yawan ƙasar Hausa yashi ne ya rinjaye ta. Lakar da ke cikinta kaɗan ce, kuma irin lakar nan ce da ba ta riƙe abincin shuka sosai. Abin da ya kamata ya cike wannan giɓi shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi da suka saje da ƙasa suka mayar da ita baƙi-baƙi, domin su ne suke riƙe ruwa da sinadarai a inda saiwa za ta kai gare su. To amma awon da masu bincike suka sha yi ya nuna cewa a gonakin yankinmu da dama wannan ruɓaɓɓen sashe bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Dalilan a fili suke. Zafi yana sa ƙananan halittun cikin ƙasa da gara su cinye duk abin da aka zuba cikin sauri, ana kwashe kara da harawa don dabbobi da girki da darni, abin da ya saura kuma wuta ta lashe shi. Takin da zai shekara uku yana aiki a ƙasa mai sanyi, a wurinmu kaka ɗaya ko biyu ya isa ya ƙare. Saboda haka gyaran ƙasa a nan ba aiki ba ne da ake yi sau ɗaya a huta, ciyarwa ce ta kowace shekara.

Wani zai ce ai takin zamani ya ɗauke mana wannan wahala. A kan jigawar da ba ta da ruɓaɓɓen taki, zuba kamfa da yuriya tamkar zuba ruwa ne a rariya: ban ruwa biyu ko uku sun isa su wanke naitirojin zuwa zurfin da saiwar kabeji ba ta kaiwa, kasancewar yawancin saiwarsa ba ta wuce santimita 30 na sama. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da wani gwaji da aka fara tun 1950, inda aka ware filaye, wasu ana sa musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba a sa musu komai. Abin da shekaru suka nuna shi ne filayen da aka dinga ɗura wa takin naitirojin shi kaɗai sun yi tsami sun raunana, waɗanda kuma aka haɗa musu da kashin shanu sun fi riƙe ƙarfinsu. Manoman kewayen Kano sun san haka tun kafin a auna. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun daga shekarun 1960, ya bayyana yadda jakai suke shiga birni da itace su fito da mangalar taki, da yadda wannan zirga-zirga ta sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Sai dai bolar yau ba ta jiya ba ce. Ta cika da leda da matattun batura da fasassun kwalabe da tokar roba, kuma ni ban ga hikimar ɗebo ta a zuba a ƙarƙashin ganyen da iyali za su ci ɗanye ba.

Ƙasar cikin gida tana da nata ƙarin matsalolin da gona ba ta da su. Sau da yawa akwai ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne, ƙafa ta daddanne ta shekara da shekaru har ta zama fako, kuma idan wurin ne ake watsa ruwan wanki, gishirin omo ya taru a cikinta, har akan ga fari-fari a samanta idan ta bushe. Kafin a sa fartanya, yana da kyau a san da wace irin ƙasa ake hulɗa. A ɗebi cikin hannu daga zurfin taƙi guda, a jiƙa, a dunƙula, sannan a murza tsakanin tafukan hannu. Idan ta wargaje tana ƙaras-ƙaras, yashi ne. Idan ta miƙe ta yi tsawo har aka iya lanƙwasa ta aka haɗa bakin ba ta karye ba, laka ce. Wadda ta dunƙule ta ɗan miƙe sannan ta tsage, ita ce ake nema. Bayan haka a haƙa rami mai zurfin santimita 30 a cika shi da ruwa. Ruwan da ya ɓace cikin 'yan mintoci ya nuna ƙasar ba za ta riƙe laima ba, wanda kuma ya kwana a ramin ya nuna saiwa za ta shaƙe ta ruɓe. Maganin yashin da na lakar duka guda ne, wato ruɓaɓɓen taki, domin yana haɗa ƙwayoyin yashi su riƙe ruwa, yana kuma buɗe laka iska ta shiga. Mai yashi tsantsa zai ƙara samun sauƙi idan ya cakuɗa ƙasar fadama ko ta tsohon suri. Mai laka kuwa kada ya yi gigin zuba ɗan yashi kaɗan da sunan gyara, don sau da yawa ƙara tauri take yi.

Haɗa takin a gida ya fi kyau a yi shi a rami a ƙarƙashin inuwa, saboda tulin da aka bari a sarari iskar rani tana busar da shi ya tsaya cak. Ana shimfiɗa busassun abubuwa, kamar yankakken kara da ƙaiƙayi da ganyen da aka share, a bi su da ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya da kashin dabbobi, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa, busasshe ya ninka ɗanyen sau biyu ko uku. Laimar da ake so ita ce wadda idan an matsa da hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. A soka sanda a tsakiya a bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu, idan aka zaro ta aka ji ta da zafi da danshi, aiki yana tafiya, domin tulin da ya kama yakan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da yake kashe yawancin 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da ɗoyi, ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta shiga. Ana juya shi duk mako biyu ko uku, kuma cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi, yana marmashewa, yana ƙamshin ƙasa, ba a gane abin da aka zuba. Ma'anar wannan ita ce mai son dashe a Nuwamba tun Agusta ya kamata raminsa ya cika.

Kashin dabbobi ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na kaji ya fi zafi, kuma ɗanyensa yana ƙone saiwar ƙaramin dashe. Wanda ake sayowa daga gidajen kiwon kaji yakan zo a cakuɗe da garin katako, wanda idan bai ruɓe ba sai ya janye naitirojin ɗin ƙasa na wani lokaci, mai lambu ya ga ganye yana rawaya alhali ya san ya zuba taki. Na awaki da tumaki, wanda kusan kowane gida yana da shi a turke, matsakaici ne mai sauƙin sarrafawa. Na shanu ya fi sanyi amma yana ɗauke da 'ya'yan ciyawa. Akwai kuma batun lafiya, tunda ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin ciwon ciki. Dokar noman da ba a sa masa sinadarai a Amurka ta wajabta tazarar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da yake taɓa ƙasa. Kabeji ba ya kai waɗannan kwanaki a fangali, don haka ruɓaɓɓe kawai ya dace da shi. Kilo 2 zuwa 3 ga kowace murabba'in mita shi ne gwargwado, wato kusan rabin bokiti, kuma jigawa za ta karɓi fiye da haka ba tare da illa ba.

Tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH, yana da muhimmanci ga wannan dangi fiye da yadda yake ga rogo ko dankali. A wannan ma'auni 7 ne tsaka-tsaki, kuma duk yadda lamba ta yi ƙasa da haka, tsami ne yake ƙaruwa. Kabeji ya fi son 6 zuwa 7. A ƙasa mai tsami, musamman a wurare masu sanyi da laima, akwai cutar da take kumbura saiwa ta mayar da ita gululu-gululu, tsiron ya riƙa yaushi da rana ko da an ba shi ruwa. Wani masani ɗan Rasha, Mikhail Woronin, shi ne ya gano ƙwayar da take haddasa ta a shekarun 1870, kuma ƙwayar tana iya zama a ƙasa fiye da shekara 15 tana jira. Tokar itace tana rage tsami, tana kuma ba da fotasiyam da kalsiyam, shi ya sa take da amfani. Amma an fi yin kuskure ta wajen yawaita ta. A gidan da siminti ya riga ya cakuɗe da ƙasa, ƙarin toka zai haura da ma'aunin sama da 7.5, inda sinadarin ƙarfe da boron suke ƙullewa tsiro ya kasa sha. Cikin hannu ɗaya ga murabba'in mita a shekara ya wadatar. Kuma kada a haɗa toka da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a lokaci guda, domin naitirojin zai tashi ya bi iska, har hanci yana jin warinsa.

Akwai wani abu da ya bambanta dangin kabeji da yawancin amfanin gona. Dawa da masara da albasa da wake suna da wata alaƙa da wasu siraran zaruruwan naman gwari na cikin ƙasa, waɗanda suke manne wa saiwa su miƙa nesa su jawo mata fosfaras. Kabeji ba ya ƙulla wannan alaƙa, don haka dole ne fosfaras ya kasance a dab da saiwarsa tun ranar dashe. Haka kuma yajin nan da ake ji a ɗanyen ganyensa daga sinadaran farar wuta yake, wanda ya sa yake bukatarta fiye da sauran kayan lambu, ga shi kuma ƙasashenmu na savana ba su da ita da yawa. Takin sufa yana ɗauke da fosfaras da farar wuta a tare, kuma kashin kaji ruɓaɓɓe ma yana taimakawa ta wannan fuska.

Game da siffar wurin shuka, shawarwarin da ake gani daga Turai da Amurka suna yawan yabon gadon da aka ɗaga sama, saboda su damuwarsu ita ce ƙasa mai jiƙa da sanyi. A ranin ƙasar Hausa damuwar akasin haka ce, kuma fangalin da masu lambu suka gada, mai ɗan zurfi da gefe a ɗage, shi ne yake tare ruwa ya kare tsiro daga busasshiyar iska. Ɗaga ƙasa sai da damina ko a wurin da ruwa yake kwanciya. A kafce zurfin santimita 25 zuwa 30, a tsince duwatsu, a cakuɗa takin, a jiƙa, a bar shi mako guda. Ana dashe da yamma, idan tsiro ya yi ganye 4 ko 5, a ciro shi da ƙasar saiwarsa, a bar tazarar santimita 45 zuwa 50 ta kowane ɓangare. A duba tsakiyar kowane tsiro, wanda ba shi da ido a yar da shi, don ba zai taɓa yin kai ba. Idan za a ƙara takin zamani, murfin kwalbar lemo biyu na kamfa 15-15-15 ya ishi tsiro ɗaya, a binne shi ɗan nesa da tushe, sai rabin murfi na yuriya bayan mako uku, a sake a mako na shida. Da kai ya fara ƙulluwa a dakatar da yuriya, domin yawanta yana sa ganye ya yi laushi, kai ya ƙi tauri, darɓa, wato ƙananan kwarin nan masu tsotse ruwan ganye, ta samu wurin zama.

Ruwa ne yake raba mai niyya da mai sha'awa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kabeji yana shan milimita 380 zuwa 500 a kaka guda, wato lita 380 zuwa 500 ga kowace murabba'in mita. Fangali mai murabba'in mita 10, wanda zai ɗauki tsiro kusan 40, zai bukaci jarka biyu zuwa uku kullum idan ganye ya baje. Wanda yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya kamata ya yi wannan lissafi tun da wuri, wataƙila ya ga tsiro goma sun fi masa arba'in. Abin da ya fi yawan ruwan muhimmanci shi ne daidaitonsa. Idan aka bar ƙasa ta bushe sannan aka malala mata ruwa, cikin kan yakan kumbura ya fi ƙarfin ganyen waje ya tsage, kuma gefen ganyen ciki yakan ƙone ya yi baƙi saboda kalsiyam bai isa can ba. Lulluɓe ƙasa da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa yana rage wannan hawa da sauka. Gara za ta ci wani abu daga ciki, amma ramukan da take bari suna buɗe wa ruwa hanya.

Babban abokin gaba shi ne wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin toka, wanda yake da zane a gadon baya. Tsutsarsa koriya ce, ba ta fi santimita ɗaya ba, tana zama a bayan ganye tana kankare shi ta bar siririyar fatar sama da haske yake ratsawa. Idan aka taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya ta sulale ƙasa a rataye da zare. Wannan ƙwaro ya yi suna wajen gagarar magani: tun 1953 aka ba da rahoton ya daina jin DDT a tsibirin Jaba na Indonesiya, kuma daga baya ya gagari kusan kowane rukunin maganin feshi da aka yawaita yi masa. Shi ya sa ƙara ƙarfin feshi ba ya ƙarewa da komai sai guba a kan abin da yara za su ci. Akwai kuma wata tsutsar da take shiga idon tsiro tun yana ƙarami ta cinye shi, sai a ga ƙananan kawuna uku ko huɗu marasa amfani a madadin guda ɗaya. A ƙaramin lambu, duba bayan ganye da safe da murƙushe tsutsa da hannu yana yin aiki sosai. Ruwan 'ya'yan darbejiya ma yana hana su ci: a daka gram 500 na ƙwayar, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako, ana kula da bayan ganye. Wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Benin, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa rufe kabeji da raga irin ta gidan sauro yana rage ɓarnar wannan tsutsa ƙwarai, kodayake darɓa takan samu hanyar shiga.

Cutar da ta fi addabar kabejin damina ita ce wadda take farawa da rawaya a bakin ganye, ta yi tsini tana nufar tsakiya, jijiyoyin su yi baƙi. Tana zuwa ne a cikin iri, tana yaɗuwa ta fantsamar ruwa, kuma ba ta da maganin feshi mai warkarwa. Ganyen da ya kamu a cire shi a ƙone, kada a jefa shi ramin taki, a kuma riƙa zuba ruwa a gindi maimakon a kan ganye. Farin kabeji da burokoli sun fi kabeji mai kai saurin fushi da zafi da ƙarancin boron, saboda haka wanda yake farawa gara ya jinkirta su, ko ya gwada mai buɗaɗɗen ganye da ake tsinka a hankali har tsawon watanni.

Bayan an sare kai, a tumɓuke kututturen gaba ɗaya, domin tohon da yake fitarwa shi ne yake riƙe tsutsa da cuta har zuwa kaka mai zuwa. Kada a mayar da wani ɗan dangin kabeji wannan fangali sai bayan shekara uku. A tsakani a sa albasa ko latas ko karas da rani, da damina kuma a shuka wake ko gyaɗa, a bar saiwarsu a cikin ƙasa idan an girbe, ganyen da dabbobi suka rage kuma a kai shi ramin taki tare da sharar turke.